Rahoton Nasiruddeen a Kan Fakon Ƙadangare

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kankia yana jiran motar Katsina ya san shagon Nasiruddeen, ko da bai san mai shi ba. Shagon hoton takardu ne, mai inji guda da wani janareta da ba ya tashi sai an lallashe shi. A saman ƙofa an rubuta da jan fenti, Masanin Harkokin Ƙasa da Jama'a, kuma shi ya rubuta da hannunsa. Dalilin wannan laƙabi kuwa, shekarun baya ya taɓa yin aikin ƙidayar gidaje na kwana goma sha ɗaya, tun daga nan bai ƙara yarda akwai abin da ya shige masa duhu tsakanin Kankia da Kusada ba. Kowa Nasiru yake ce masa, shi kuma ba ya waiwayowa sai an cika sunan.

Wata Talata cikin bazara, rana na dukan kwano, wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Mace ce ta fito da takardu a hannu, ta ce sunanta Injiniya Zuhura, hoton takardun take so. Nasiruddeen ya tada janareta, ya shiga aiki, yana ɗauka yana karantawa, har leɓensa na motsi.

"Hajiya, na ga Fakon Ƙadangare kuke nema."

"Hoto na ce ka ɗauka, Malam, ban ce ka karanta ba."

"Ai idona ne, ba shi iya ganin taswira ya wuce. Fakon nan kau, Hajiya, ko ƙadangarun cikinshi sun san ni. Babu mai unguwar da ban ci tuwon gidanshi ba daga nan har Dudunni. In na yi tari a Kankia, a Kusada ake ce mani sannu."

Injiniya Zuhura ta dube shi, ta dubi rubutun ƙofa. Gajiya ce ta yi mata yawa a ranar, in ba haka ba da ta karɓi takardunta ta wuce. Sai ta zauna a benci ta yi masa bayani. Kamfaninsu na son shimfiɗa allunan sola masu yawan gaske, waɗanda za su ba garuruwa wuta, kuma fakon ya yi musu: shimfiɗaɗɗe ne, ba gona, ba gida, ga rana kamar a roƙe ta ta rage. Sun riga sun auna shi a watan jiya. Abin da ya rage, kafin su nemi izinin hukuma, suna son ɗan gari ya faɗa musu ko akwai rigimar da ke kwance a wurin. Ta miƙa masa takarda mai tambaya biyar: wa ke da filin, a ƙarƙashin wane mai unguwa yake, ko burtalin shanu ya ratsa shi, ko akwai ɗan siyasar da zai sa baki, ko an taɓa shari'a a kansa.

"Kunne nake so, ba baki ba," in ji ta. "Ka zauna inda ake hira ka saurara. Kada ka gaya wa kowa dalili. Nan da sati uku zan dawo da manyan kamfani. In aikinka ya yi kyau, muna neman jami'in hulɗa da jama'a, da babur ɗinsa da ofishinsa."

Babur da ofis! Nasiruddeen ya ji kamar an riga an kunna masa fanka a ka. Ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, sirri a cikina yake ruɓewa."

To, shi Fakon Ƙadangare wani jan fili ne mai tauri kamar daɓe, tsakanin ƙauyuka biyu. Unguwar Gamji tana gefen Kankia, Tudun Aduwa tana gefen Kusada, ta wajen hanyar Kaikai. Gero ba ya fita a cikinsa, ko ƙaya sai ta yi niyya. Shekara talatin rigima ɗaya ce a kansa: kowane ƙauye na cewa na ɗayan ne. Abin ya samo asali tun shekarar da aka kira aikin gayya don cike kwazazzabon da ke gefensa, kowa ya rantse wurin ba gadonsa ba ne.

Kwana biyu Nasiruddeen ya yi a teburin mai shayi da bakin kasuwa yana saurare, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, har mutane suka fara tambayarsa ko haƙori ne. Ya dawo gida ya cike takardarsa. Babu, babu, babu, babu, babu. Ya zauna a tsakar gida yana kallon ta, ransa a ɓace.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, tana zuba wa awakinsa dusa. Ta ce, "Mi ya same ka kake huci kamar an hana ka magana?"

Ya karanta mata, ya kuma gaya mata duk abin da aka ce kada ya gaya wa kowa, don a ganinsa uwa ba kowa ba ce.

"To ai ka gama. Kai mata."

"Inna, ba ki san aikin ohis ba. Na ga jakar matar nan, takardun cikinta sun kai kaurin tubali. Ni in kai mata babu guda biyar? Ai sai ta ce ban yi komi ba. Rahoton masana nauyi gare shi."

"Gaskiya ba ta isa ba sai ta yi nauyi?"

"Ki bar mani, Inna. Rigima tana nan, ɓoyewa ta yi. Ni zan tono ta."

Washegari ya sa babbar riga, ya ari babur, ya nufi Unguwar Gamji. Ya tarar da Mai unguwa Sodangi a gindin bishiya yana tufkar igiya, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana. Bayan gaisuwa Nasiruddeen ya zaro biro.

"Ranka shi daɗe, Fakon Ƙadangare na wa ne?"

"Na mutanen Tudun Aduwa."

"Ka tabbata?"

"Tun kana goye nake tabbatarwa."

"To dangwala mani yatsa a nan, cewa ba naku ba ne, ko da an zo da diyya ba ruwanku."

Hannun tsoho ya tsaya a kan igiya. "Diyyar mi?"

"A'a, wannan sirri ne."

"To, sauka lahiya."

Abin da Nasiruddeen ba ya iya jurewa ke nan, a ce yana da labari a ƙi roƙonsa. Ya gyara zama. Kafin inuwa ta matsa taku biyu ya zazzage komai, ya kuma ƙara da nasa: alluna daga nan har inda ido ya ƙare, masu gadi ɗari uku, duk daga ƙauyen da ke da filin, titi mai kwalta har ƙofar mai unguwa, firji a kowane zaure. Mai unguwa Sodangi ya ajiye igiya a hankali. Ya ce yanzu da ake maganar nan ya tuna, kakansa ya taɓa ɗaure jaki a tsakiyar fakon, kuma ba a ɗaure jaki a filin mutane.

Nasiruddeen ya rubuta, baki har kunne. Ga shafi guda ya samu.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai Tudun Aduwa, wurin Mai unguwa Hussaini, wani gajere mai saurin hawa. Shi ko tambayar ma bai yi masa ba, cewa ya yi, "Ranka shi daɗe, Sodangi ya ce fakon nasu ne. Mi za ka ce?"

"Alhamdu lillahi! Shekara talatin muna gaya mashi. Ya je ya cike kwazazzabonshi."

"Ke nan masu gadi ɗari uku daga Unguwar Gamji za a ɗauka."

"Masu gadin mi?"

Bayan rabin sa'a Mai unguwa Hussaini yana tsaye, hula a karkace, yana rantsuwa cewa cibiyar ubansa a fakon nan aka binne ta, kuma Sodangi ɗan ƙwace ne tun suna makarantar allo. Nasiruddeen ya cike shafi uku, har biro ya ƙare ya ari wani.

Tambayar burtali ta kai shi rugar Buba, wani makiyayi mai sanyin hali da ke zaune bayan tabki. Buba ya saurare shi yana dogare da sanda.

"Shanu ba su bin fako, Malam. Mi za su ci, tsakuwa?"

"To in an kewaye shi da waya fa? Ta ina za ku bi?"

"Inda muke bi."

"Kakanka fa? Bai taɓa bi ba ko sau ɗaya?"

"Ban tambaye shi ba. Wayar daga ina zuwa ina?"

Nasiruddeen bai sani ba, amma bai taɓa cewa bai sani ba, ba kuma yau zai fara ba. Ya ɗaga hannu ya zana wata da'ira a iska, wadda ta haɗiye fakon, ta haɗiye tabkin, ta kusa haɗiye rugar. Buba ya bi hannun da kallo har ya sauka. Ya juya ya nufi garkensa. Da yamma aka ga shanu tamanin sun miƙa zuwa fako, sun kwanta a tsakiyarsa suna tuƙa.

Saura siyasa. A nan ma bai sha wahala ba. Akwai wani Mubarak da ya nemi kansila sau biyu ya faɗi, yana shirin na uku, ba shi da abin faɗa wa mutane sai sunansa. Nasiruddeen ya same shi ya ce, "Honarabul, in an kawo wutar sola mazaɓar nan, za ka yi adawa?"

"Wa ya kawo ta?"

"Kamfani."

"Akwai wanda ya riga ya ce shi ya kawo?"

"Babu."

"To ni na kawo."

Kwana biyu aka wayi gari da hotunansa a jikin kowace bishiya, yana nuna rana da yatsa, an rubuta Mai Kawo Haske. Abokin hamayyarsa da ya ga haka sai ya hau mota da lasifika yana zagaya ƙauyuka, yana cewa an sayar da ƙasar talakawa, shi kuma sai inda ƙarfinsa ya ƙare.

Yanzu fa shagon Nasiruddeen ya zama kasuwa. Mutane na zuwa daga ƙauyukan biyu, kowa da labarin kakansa. Da ya ga rubutu da hannu zai kashe shi, sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa mai hankali. Ya buga takarda guda ya yi hotonta da yawa: Ni wane, ina da'awar kaza a Fakon Ƙadangare. Ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai ɗauke da cikakken sunansa da laƙabinsa. Duk wanda ya zo ya dangwala yatsa a kan takarda biyu, a buga hatimi, ɗaya ta shiga rahoto, ɗaya ya tafi da ita gida.

Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce, "Nasiru, takardar nan da kake rabawa, mutane hwa cewa suke takardar hili ce."

"Nasiruddeen. Kuma kai shayi ka sani."

"Na ga wani ya naɗe tashi a leda ya sa a aljihun gaba."

"Ai ta cancanci leda. Dubi hatimin."

Sai kuma taki ya fara tafiya. Ga wanda bai sani ba, a ƙasarmu in bazara ta yi, manomi yakan kwashe takin gidansa ya kai gona a mangala, ya juye shi tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Ba a tambayar gonar wa ce, a dubi tsibin kawai, don ba mahaukacin da zai kai takinsa gonar wani. Mai unguwa Sodangi ne ya fara tura jaki uku. Mai unguwa Hussaini ya ji, ya tura amalanke. Kafin sati ya zagayo, hanyoyin fako biyu sun cika da jakuna, har ana cunkoso. Filin da shekara talatin ko kashin kaza bai samu ba, ya wayi gari ya fi kowace gona a yankin taki. Gonakin gaske kuwa suna can a bushe suna jira.

Nasiruddeen ya ɗora rahoto a sikelin mai nama, don ya ji daɗi. Ya koma shago yana taƙama, sai ga waya daga Injiniya Zuhura.

"Malam Nasiruddeen, jibi Alhamis muna tafe da manya. Ina fatan ba wata matsala."

"Matsala, Hajiya? Ai na samo maki su da yawa! Shahi ɗari biyu da sha huɗu."

Ta ce, "Wasa kake yi ko? Mu rahoton da muke addu'ar gani shi ne wanda aka rubuta babu daga sama har ƙasa. Manyan nan in suka ji ƙanshin rigima ba sa ko fitowa daga mota."

Gumi ya karyo masa har cikin hula. Ya yi wata dariya mara gishiri ya ce, "Wasa ne mana, Hajiya. Ku taho, hili na nan fes."

Ya ajiye waya ya zauna. Wani da ya shiga irin wannan hali sai ya kira ta ya faɗi gaskiya. Shi kuwa mai shela ya nema. Ranar Laraba mai shela ya zagaya ƙauyukan biyu yana cewa, Masanin Harkokin Ƙasa da Jama'a na gaishe ku, ya ce maganar sola an fasa, kowa ya je ya kwashe takinsa.

Mutanen Unguwar Gamji suka ce, lalle Hussaini ya saye shi, so ake mu kwashe su mamaye. Mutanen Tudun Aduwa suka ce wannan aikin Sodangi ne. Waɗanda da ba su yarda da zancen ba ma suka ce, tunda har an fara ɓoyewa, abin gaskiya ne. Ranar aka kai takin da ya fi na kowace rana.

Da ya ga haka sai ya sake shawara. Ya bi masu unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa kowanne a asirce, "Gobe manya na tahe. Ka zo da mutanenka cikin fararen kaya, ku yi shiru, ku bar mani magana. Na riga na gaya masu naka ne." Ya gaya wa Buba haka. Ya gaya wa Mubarak haka. Ya koma gida yana jin babu mai kai irin nasa. Ko lura bai yi ba cewa turken awakinsa an share shi tas.

Alhamis da hantsi motoci uku suka sauka daga titi suka nufi fako. Nasiruddeen na gaba a babur ɗin aro, rahoto ɗaure a baya da roba, domin duk da abin da aka gaya masa zuciyarsa ta kasa barin shi a gida. Warin ne ya fara tarbarsu tun kafin su hango wurin. Direban motar gaba ya ɗaga gilashi.

Ga fako. Tsibin taki ko'ina, kowane tsibi da mutum a tsaye cikin farar riga. Shanu a tsakiya. Turaku da tsummoki a kansu. Hotunan Mai Kawo Haske a gabas, motar lasifika a yamma. Masu unguwa biyu suna zaune a kan kujeru, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Injiniya Zuhura ta fito, ta tsaya riƙe da ƙofar mota. Wani dattijo mai furfura, babban cikin manyan, ya fito bayanta da hankici a hanci.

"Injiniya, wannan ne filin da kika ce ko tsuntsu ba ya sauka?"

Kafin ta buɗe baki Nasiruddeen ya sha gabansu. "Yallaɓai, barka da zuwa! Waɗannan duk 'yan tarba ne. Ni na tara su. Ka ga haɗin kai ko? Kankia da Kusada, manomi da makiyayi, duk a tahin hannuna suke."

"Takin fa?"

"Al'adarmu ce, yallaɓai. In babban baƙo zai zo..."

Bai ƙarasa ba Mai unguwa Hussaini ya taso. "Ranka shi daɗe, barka da sauka a ƙasar Tudun Aduwa."

"Ƙasar wa?" in ji Mai unguwa Sodangi daga kujerarsa, bai ko ɗaga murya ba.

"Ba da kai nake ba."

"A hilina kake tsaye, dole da ni kake."

"Nasiru ya riga ya gaya masu namu ne!"

"Haka ya ce mani jiya bayan la'asar."

"Ni bayan azahar!"

Buba ya matso da sandarsa ya ce, cikin sanyin murya, "Ni bayan magariba."

Nasiruddeen ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, a natsu, a bar masana su..."

Sai lasifika ta ɓarke daga yamma, ba za mu yarda ba, ƙasar kakanninmu ce. Mubarak ya kutso ya kama hannun dattijon yana girgizawa, mai ɗaukar hotonsa na biye, yana cewa, "Yallaɓai, ni ne na kawo ku, ba sai na gabatar da kaina ba." Wani bijimin sa ya firgita da ƙarar, ya zabura, ya bi ta kan tsibi uku ya haɗe su wuri guda. Masu tsibin uku suka kama rigunan juna a kan takin wa ya fi yawa a ciki. Nasiruddeen ya ruga rabo, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a tsakiyar abin da ake rigima a kansa.

Injiniya Zuhura ta daka tsawa, irin ta wadda ta saba da masu aikin gini. Wuri ya ɗan lafa.

"Watan jiya na zo nan da kaina. Baba," ta dubi Sodangi, "kai ka ce mini na Tudun Aduwa ne. Baba," ta dubi Hussaini, "kai ka ce na Unguwar Gamji ne. Yau kuma kowa na da fili. Wa ke da shaida?"

Kamar an ba da umarni, hannaye suka shiga aljihu. Leda ta yi ta ƙara. Takardu sama da ɗari biyu suka tashi sama. Ta karɓi ta kusa da ita, ta karanta, ta dubi hatimin. Ta karɓi ta biyu. Ta karɓi ta uku. Ta miƙa wa dattijon.

"Wace hukuma ce wannan?" in ji shi. "Masanin Harkokin Ƙasa da Jama'a?"

Jama'a suka juya gaba ɗaya suka nuna mutumin da ke ƙoƙarin miƙewa daga cikin taki.

"Yallaɓai, bincike ne," in ji Nasiruddeen yana kaɗe riga. "Duk wanda ka gani nan ɗan kwaɗayi ne, na rubuta su ne don ku san su. Mutanen kirki suna gidajensu. Ni gidanmu ko kallon fakon nan ba mu yi."

"Kai, Nasiru, matsa, kana taka mani iyaka."

Muryar ya sani tun kafin ya waiwaya. Inna Kulu ce zaune a kan tabarma da lema, gefen wani tsibi madaidaici na takin awaki, da takardarta a cinya.

"Inna! Mi kike yi nan?"

"Abin da kowa ke yi. Kai ka ce za a ba da hirji."

"Wa ya ba ki takarda?"

"Hatimin a aljihun rigarka yake kwana, ni ke wanke rigar."

Dariyar da aka yi, har masu unguwa biyu sai da suka dubi juna. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ninke takardar ya mayar wa mai ita, ya ce wa Injiniya Zuhura wannan wuri ko shekara goma aka yi ana shari'a ba a gama ba, kuma babu hukumar da za ta ba da izini a kan filin da ke da masu shi ɗari biyu. Su tafi su duba ɗaya wurin da ta taɓa ambata musu. Ya shige mota.

Da jama'a suka gane abin da ake nufi, dariya ta ɗauke. Wani ya ce, "To takinmu hwa? Ruwa ya kusa, gonata ko mangala guda ba ta samu ba." Wani ya ce jakinsa ya gurgunce a hanyar nan. Aka fara matsowa. Nasiruddeen ya ga idanu sun yi masa yawa, ya kwance rahoto daga bayan babur ya bi motar Injiniya da gudu, yana buga gilashi.

Ta sauke gilashin kaɗan.

"Hajiya, rahoton! Ko ba komi ai kin ga aiki. Duk rigimar da na rubuta, ba ga ta kin gani da idonki ba? Ko ɗaya ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ba."

"To maganar babur da ohis hwa?"

Ta dube shi daga hula har takalmi.

Shi kuwa bai karaya ba, don bai san yadda ake yi ba. Ya sunkuyo ya rage murya. "Ba komi, Hajiya, nan ɗin dama mutanensu ba su waye ba. Wancan wurin da za ku duba, wane gari ne? Gaya mani kawai, in riga ku zuwa in share maku hanya. Ko'ina ne ina da mutane."

Direba, wani mai sauƙin kai, ya buɗe baki zai amsa. Injiniya Zuhura ta dafe masa kafaɗa da sauri har sai da ya firgita.

"In ka faɗa, a bakin aikinka," in ji ta. "Kuma in mun hau titi kada ka kunna sigina, yana kallo."